Shari'ar Dogon Yaro: Yaushe Ake Kiran Abu Sabo?

Ran 24 ga watan Mayu na shekarar 2024, wakilan ƙasashen duniya da suka taru a birnin Geneva, ƙarƙashin Hukumar Kiyaye Haƙƙin Fasaha ta Duniya, watau WIPO, suka amince da wata yarjejeniya wadda aka shafe fiye da shekara 20 ana ja-in-ja a kanta. Nijeriya da Nijar da Gana suna cikin ƙasashen da suka sa hannu tun da fari. Abin da yarjejeniyar ta ƙunsa a taƙaice shi ne, duk wanda ya je neman takardar mallakar wata ƙirƙira da ya gina a kan wani tsiro ko wata halitta, ko kuwa a kan sanin gargajiya na wata al'umma game da su, tilas ne ya bayyana ƙasar da abin ya fito, da kuma mutanen da aka samo sanin daga wurinsu.

Wanda yake so ya gane dalilin da ya sa ƙasashe masu tasowa suka nace wa wannan magana, sai ya waiwayi wata shari'a da aka yi shekara 10 ana fafatawa a birnin Munik na ƙasar Jamus, a kan itacen nan da ke tsaye a ƙofar gidaje da makarantu da ofisoshin ƙasar Hausa, wanda waɗansu ke kira dogon yaro, waɗansu darbejiya, waɗansu kuma maina. Tambayar da aka sa a gaban masu hukunci guda ɗaya ce: hanyar da wani kamfani ya ce ya gano ta sarrafa man 'ya'yan itacen nan, sabuwa ce, ko kuwa dama can an san ta?

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana asirin abin da ya gano filla-filla, a rubuce, yadda duk gwanin da ya karanta zai iya yin irinsa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa yin abin, ko sayar da shi, ba tare da izininsa ba, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya miƙa takardar nema. Bayan wannan lokaci sai abin ya zama na kowa da kowa. Hikimar tsarin ita ce a ƙarfafa wa masu bincike gwiwa su kashe dukiya da lokaci, sa'an nan kada su mutu da iliminsu a ciki.

Amma akwai sharuɗɗa uku. Na farko, abin ya zama sabo, watau ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba kafin ranar nema. Na biyu, ya zama akwai ƙarin hikima a cikinsa, yadda gwanin wannan fanni ba zai ce ai wannan a fili yake ba. Na uku, ya zama ana iya amfani da shi a masana'anta ko a gona.

A fagen haɗa sinadarai ne sharaɗin farko da na biyu suka fi jawo gardama. Dalili kuwa shi ne, mai haɗa sinadari ba ya zuwa da wani abu daga sama. Matakan aikinsa sanannu ne tun zamanin kakanni: a niƙa, a jiƙa, a dafa, a tace, a gauraya. Sau da yawa bambancin da ke tsakanin tsohuwar hanya da wadda ake da'awar sabuwa ce bai wuce zafin wuta ba, ko irin ruwan da aka jiƙa abin da shi, ko yawan abin da aka zuba. To, a ina ne za a ja layi a ce daga nan ƙirƙira ta fara? Wannan shi ne abin da kotuna da hukumomin ɗaukaka ƙara ke ta fama da shi.

Itacen da fara ta ƙi ci

Asalin dogon yaro daga ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana asuwaki da shi, ana sa ganyensa cikin rumbu don korar ƙwari, ana kuma yin sabulu da magani da mansa. A zamanin mulkin Turawa aka kawo shi Afirka ta Yamma, ya iso lardin Barno cikin shekarar 1928, daga nan ya bazu ko'ina saboda jimirinsa ga fari. A Jamhuriyar Nijar, tun daga 1975 aka yi ta dasa layukansa a kwarin Majiya don tare iska daga gonaki.

Masanan Turai sun fara mai da hankali a kansa sosai ne bayan 1959, sa'ad da wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kusan kowane kore amma ta bar dogon yaro. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki, aka sa masa suna azadiraktin. Shi ne ke hana ƙwaro ci, ya kuma hana shi saɓa, har ya mutu bai girma ba. Ginin sinadarin yana da sarƙaƙiya ƙwarai, har ya zama sai a 2007 ne masanan Jami'ar Kambirij suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji, bayan aikin shekara 22. Ke nan duk mai son cinikinsa dole ya koma ga 'ya'yan itacen.

Takarda mai lamba 436257

A ƙarshen shekarar 1990, kamfanin W. R. Grace na Amurka tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta gwamnatin Amurka suka miƙa takardar nema ga Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai da ke Munik. Ran 14 ga watan Satumba, 1994, aka ba su takarda mai lamba 436257.

Ya kamata a lura da abin da takardar ta ƙunsa, domin an sha faɗin cewa wai kamfanin ya mallake itacen ne ɗungurungum, alhali ba haka maganar take ba. Abin da suka yi wa rajista shi ne hanyar kashe fumfunar da ke kama tsire-tsire, ta fesa musu wani haɗi mai ɗauke da man dogon yaro daga kashi 0.1 zuwa kashi 10 cikin 100, da ɗan sinadarin da ke sa mai ya garwaya da ruwa kamar yadda sabulu ke yi, sauran kuma ruwa. Man kuwa an tatso shi ne da irin ruwan sinadarin da ba ya haɗuwa da ruwan sha, don haka kusan babu azadiraktin a cikinsa. A nan ne hujjar kamfanin take: duniya ta san dogon yaro yana korar ƙwari saboda azadiraktin, su kuwa sun nuna cewa man da ba shi da wannan sinadari yana maganin fumfuna, wanda wani al'amari ne dabam.

Dokar Turai ta ba kowa damar ƙalubalantar sabuwar takarda cikin wata 9 da ba da ita. A watan Yuni na 1995 mutum uku suka haɗa kai suka shigar da ƙara: Magda Aelvoet, 'yar ƙasar Beljiyam, mai jagorancin 'yan jam'iyyar kare muhalli a Majalisar Turai a lokacin, da Dokta Vandana Shiva a madadin cibiyarta ta bincike da ke Indiya, da kuma Linda Bullard a madadin IFOAM, tarayyar ƙungiyoyin masu noma ba tare da sinadaran zamani ba.

Hukunci biyu, hujja biyu

Masu ƙara sun san cewa faɗin kakanninmu sun san wannan ba zai wadatar ba. Doka tana neman a nuna wane ne ya yi, me ya yi, a ina, kuma yaushe. Sai suka kawo wani mai kamfanin kayan aikin gona daga birnin Pune na Indiya, wanda ya ba da shaida cewa a 1985 da 1986 ya yi gwaji a gonakin manoma a gundumomin Pune da Sangli na jihar Maharashtra, ya fesa wa amfanin gona man dogon yaro da aka tatso ta irin wannan hanya don maganin fumfuna, kuma a bainar jama'a aka yi, ba a ɓoye wa kowa ba. Ran 10 ga watan Mayu, 2000, sashen sauraron ƙorafi na ofishin ya karɓi wannan shaida, ya yanke cewa hanyar ba sabuwa ba ce, ya soke takardar.

Masu takardar suka yi afil. Kafin wannan lokaci kamfanin Grace ya riga ya sayar da wannan sashe na cinikinsa ga wani kamfani mai suna Thermo Trilogy tun 1996. Bisa ga dokar Turai, da zarar an ɗaukaka ƙara sai hukuncin farko ya dakata, don haka takardar ta ci gaba da rayuwa har aka ƙara kusan shekara biyar. A gaban hukumar ɗaukaka ƙara sun ƙuntata da'awarsu, suka tsuke ma'aunin man da suke cewa nasu ne, don su kauce wa abin da shaidar ta nuna.

Ran 8 ga watan Maris, 2005, hukumar ta kori afil ɗin, takardar ta mutu har abada. Sai dai hanyar da ta bi ta kai ga wannan hukunci ita ce abin lura. Ba ta tsaya warware maganar gwajin da aka yi a gonakin Maharashtra ba. Ta dogara ne a kan wata maƙala da waɗansu masanan Indiya biyu suka buga a wata mujallar ilimin cututtukan tsire-tsire a farkon shekarun 1980, wadda ta nuna tasirin dogon yaro a kan fumfuna. Hukumar ta ga cewa gwanin da ya karanta wannan maƙala ba ya bukatar wata hikima ta musamman kafin ya lalubo ma'aunin da ya dace, domin gwada ma'auni aiki ne na yau da kullum a ɗakin gwaji. Watau a ƙarshe rashin ƙarin hikima ne ya kashe takardar.

An yi murna a Indiya da sauran wurare, kuma murnar tana da dalili. Amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa abin da ya yi nasara a zagayen ƙarshe shi ne rubutu. Shaidar baka a kan abin da ya faru shekara 15 da suka wuce tana da sauƙin suka a bakin lauya, ita kuwa maƙala mai kwanan wata ba ta mantuwa, ba ta kuma canza magana. Haka nan, da ma takardar za ta ƙare da kanta a 2010, ke nan ta ci kusan kashi uku cikin huɗu na rayuwarta kafin a kai ta ƙasa.

Sanin abu ba tare da sanin sunansa ba

Wata gardama da ke yawan tasowa a irin waɗannan shari'o'i ita ce: idan mutane suna amfani da abu amma ba su san sinadarin da ke cikinsa ba, za a ce sun san shi? Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci, watau Majalisar Dattawa a zamanta na shari'a, ta amsa wannan a 1995, cikin ƙarar da kamfanin Merrell Dow ya kai kamfanin Norton. Merrell Dow yana da wani maganin mura da atishawa wanda wa'adin takardarsa ya ƙare, sai ya nemi ya hana waɗansu sayar da shi da hujjar cewa yana da wata takarda ta biyu a kan sinadarin da hantar mutum ke samarwa bayan an sha maganin. Kotu ta ƙi, ta ce tsohuwar takardar ta riga ta koya wa jama'a yadda za a samar da wannan sinadari, watau ta shan maganin, ko da ba ta ambaci sunansa ba.

Mai shari'a Lord Hoffmann ya kawo misali da mutanen dazuzzukan Amurka ta Kudu, waɗanda suka daɗe suna maganin zazzaɓi da ɓawon itacen sinkona. Sai a 1820 ne masanan Faransa suka ware kwinin daga ɓawon. A ganinsa, waɗannan mutane sun san kwinin ta hanyar aikin da yake yi, ko da yake ba su san sunansa ko gininsa ba, don haka ba wanda zai zo daga baya ya hana su abin da suka saba yi don kawai ya raɗa masa suna.

Ba kowace ƙasa ce ta ɗauki sanin baƙi da daraja ɗaya ba. Dokar Turai tana lissafta duk abin da aka bayyana ga jama'a a ko'ina cikin duniya, a rubuce ne, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi. Amurka kuwa, har zuwa watan Maris na 2013 da sabuwar dokarta ta fara aiki, ba ta lissafta amfani da abu a wata ƙasa sai in an buga shi a rubuce. Shi ya sa lokacin da aka ba waɗansu masu bincike na Jami'ar Mississippi takarda a 1995 a kan warkar da rauni da gangamau, sai da majalisar binciken kimiyya ta Indiya ta tono rubuce-rubuce 32, har da na tsohon harshen Sanskrit da wata maƙalar likitoci ta 1953, kafin a soke ta a 1997. A nahiyar Afirka ma an ga irin wannan: a 2018 wata kotu a birnin Hague ta rushe takardu biyu na ƙasar Holan a kan sarrafa garin tef, hatsin da Habashawa ke yin gurasarsu da shi, saboda babu ƙarin hikima a cikinsu.

Ta ɓangaren masu kamfani

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Takardar Munik ba ta taɓa hana manomin Indiya ko na Katsina jiƙa ganyen dogon yaro ya fesa a gonarsa ba, domin ikonta bai wuce ƙasashen Turai da ta shafa ba. Kuma gaskiya ne ruwan dogon yaro na gargajiya yana saurin lalacewa in ya sha rana, don haka wanda ya gano hanyar da zai daɗe a kwalba bai rasa ƙarfinsa ba ya yi aikin da ya cancanci lada. In aka ce duk abin da ya taɓa tsiro ba za a ba shi kariya ba, masu bincike na gida ma za su cutu, ba baƙi kaɗai ba.

Amsar masu suka ita ce, ɓarnar tana zuwa ne ta bayan gida. Ƙasar da ke da itacen ba za ta iya kai kayan da ta sarrafa kasuwar da takardar ta rufe ba, sai dai ta sayar da 'ya'yan ɗanye a kan araha, wani ya sarrafa ya ci ribar. Daɗin daɗawa, ba da takarda mai rauni abu ne na 'yan shekaru, rushe ta kuwa sai an yi hayar lauyoyi da masana an yi ta zarya zuwa Turai, abin da talakan ƙauye ba zai taɓa iyawa ba.

Ina aka kwana a Nijeriya?

Dokar da ke aiki a Nijeriya a kan wannan sha'ani ita ce wadda aka kafa tun 1970 a matsayin dokar soja mai lamba 60. A kan ma'anar sabon abu ba ta da laifi, domin ita ma tana lissafta duk abin da aka bayyana a ko'ina, a kowane lokaci, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani. Ta kuma hana ba da takarda a kan irin tsiro ko na dabba. Rauninta yana wajen aiwatarwa. Dokar ta umurci magatakardan rajista ya duba cikar takardu da biyan kuɗi kawai, ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba, ta kuma faɗi ƙarara cewa ana ba da takarda ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Wanda bai yarda ba sai ya garzaya Babbar Kotun Tarayya ya nemi a rushe ta, inda doka ta yarda alƙali ya zauna da masana biyu su taimaka masa. Ma'anar wannan ita ce, takarda irin ta dogon yaro za ta iya wucewa a Abuja ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, nauyin kuma ya koma kan wanda aka cuta.

Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedkwata a Harare. Nijeriya ba cikakkiyar wakiliya ba ce a ko ɗaya daga cikinsu.

Yarjejeniyar Geneva ma ba za ta share dukan hawaye ba. An shar'anta sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki, ba ta shafi takardun da aka nema kafin fara aikinta ba, kuma ba a soke takarda don rashin bayyana asali kawai, sai in an tabbatar da niyyar zamba. Amfaninta shi ne ta nuna wa mai binciken rajista inda zai duba. In ya duba bai tarar da kome a rubuce ba, to, an koma gidan jiya.

Indiya ta ɗauki darasi. A 2001 ta fara tattara abin da ke cikin tsofaffin littattafanta na magani cikin wata taska ta kwamfuta, ta juya shi zuwa Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Japananci, ta kuma buɗe wa ofishin Munik ƙofar dubawa tun 2009, bisa sharaɗin kada a yaɗa shi. Ta haka ana tare takarda tun kafin a ba da ita, maimakon a yi shekara 10 ana shari'a.

Ƙasar Hausa ba ta rasa abin farawa da shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Akwai tarin littattafan Larabci da na ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da kuma hannun iyalan malamai. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa a 1916, ya kuma buga babban littafinsa a kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma a 1937. Abin da ya fi waɗannan yawa kuwa yana cikin kawunan wanzamai da ungozomomi da mafarauta da makiyaya, waɗanda ke tafiya da shi kabari ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da ke gaban ma'aikatun ciniki da na kimiyya da na lafiya, tare da jami'o'i, a bayyane yake: a rubuta wannan sani da sunan wuri da kwanan wata, da yardar masu shi, a kuma tsare shi yadda rubutun ba zai zama jagorar ɓarawo ba; a gyara dokar 1970 a ba ofishin rajista ikon bincike; a horar da masana sinadarai da lauyoyin da za su iya karanta takardar nema su gane inda aka sake wa tsohon abu riga. Ɗaliban da ke karatun kimiyya su ma su sani cewa ɗan binciken da suka buga a kan sabara ko marke ko zogale yana iya zama hujjar da za ta tsaya wa ƙasa a wata kotu mai nisa, kamar yadda maƙalar masanan nan biyu na Indiya ta yi bayan fiye da shekara 20 da buga ta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.